Jinina Yana Kwana a Jos

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce ko Yafet ya gudu ne nake jin kunyar faɗa. Bai gudu ba, 'yar'uwa. Da ma gudun ya yi, da yau ban zauna ina muku wannan rubutu ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Milka, shekarata goma sha tara, gidanmu yana nan Kafanchan bayan layin dogo. Kuma bayana a karkace yake. Gara ku ji daga bakina kafin matan layinmu su ba ku labarin da ƙarin gishiri. Tun ina 'yar sha uku ƙashin bayana ya fara barin hanya, kafaɗar dama ta hau, ta hagu ta sauka, haƙarƙari ya turo ta baya. Telata ta fi kowa sanin sirrina. Duk rigar da za ta ɗinka mini sai ta cusa soso a kafaɗar hagu, ta saki baya, ta ƙara tattara a ƙugu. A hoto ba za ku gane komai ba, sai in na juya.

Don ta ni da na bar abina, na riga na saba. Amma likitocin Jos sun ce lanƙwasar ta fara matse huhu, kuma gaskiyarsu ce. A ƙungiyar mawaƙan cocinmu yanzu baki kawai nake motsawa idan an kai dogon baiti. Za a buɗe bayan, a miƙar da ƙashin, a ɗaure shi da ƙarfe. Likitan da ya iya aikin sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma aiki ne mai cin jini. To a nan matsalar take. Jinina irin mai wuyar samun nan ne, a danginmu kaf babu wanda nasa ya dace da nawa, har Mama. Sai suka ce ni zan ba kaina. Kafin ranar aiki za a riƙa ɗibar nawa ana ajiyewa, jikina yana cike gurbin, ranar tiyata kuma a mayar mini da abina. In babu wannan jinin babu aiki, sai baɗi, kuma ban san da wane numfashin zan kai baɗi ba.

Yafet ne yake raka ni Jos. Shi ne mutumin nawa, mai gyaran firij da firiza, shagonsa yana bakin kasuwa. Dogo ne, tsaye kyam kamar tabarya, har nakan tsokane shi in ce duk miƙewar da aka hana ni shi aka ba. 'Yan wajen Kagarko ne, yarensu daban da namu, don haka Hausa ce ta haɗa mu, in faɗa ya yi zafi mu koma Turanci.

Ranar ɗiba ta farko na sa doguwar rigata ruwan toka mai gajeren hannu. Sista Bridget, nas ɗin da ke kula da ɗakin jini, ta fara duba ƙarfin jinina, ta ce, "Kina shan maganin ƙarin jinin da aka ba ki kuwa?"

Na ce, "Ina sha, Sista. Ga zogale, ga ganyen ugu, ga hanta. Mama ta kusa mai da ni akuya."

Ta yi dariya ta soka allura. Ban kalla ba sai da ledar ta cika. Ta liƙa takarda mai sunana a jiki, ta ce in taɓa in ina so. Na ɗora tafin hannuna. Da ɗumi, masu karatu. Ɗumi irin na jariri. Ta ɗauka ta buɗe wani dogon firij mai ƙofar gilas, ta kwantar da ita can ciki tsakanin jinin mutanen da ban sani ba, ta rufe. Ban san dalili ba, sai na ji kamar na bar wani nawa a tasha na tafi. Tun daga ranar, ko rana ta take tsaka, sai in ji wani sanyi yana bin tsakiyar bayana.

An yi ɗiba ta biyu lafiya. Saura ɗaya. Sai Kaka ta zo.

Kaka ita ta haifi Babana, marigayi Azariya. Daga ƙauyenmu na wajen Zangon Kataf ta taho da buhun acca da ɗanyar citta, ɗaure da zanen zumuntar mata da ya koɗe. Kirista ce ta gaske, ba ta cin abinci sai ta yi addu'ar da miya za ta huce. Amma akwai abubuwan da ta taho da su tun kafin baftisma, kuma ruwan bai wanke su ba. A Hausarta babu mace, kowa "kai" ne.

Ina tsugune ina gaishe ta a tsakar gida ta kama hannuna ta juya. Filastar tana nan a gwiwar hannu.

Ta ce, "Wane ne ya sha maka jini?"

Mama tana shanya citta a kan buhu, ta yi saurin cewa, "Ba sha ba ne, Kaka. Asibiti ne. Suna ajiyewa ne, ranar aiki za su mayar mata."

"Ajiyewa a ina?"

"A Jos. Cikin firij."

Kaka ba ta yi ihu ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Sakin hannuna ta yi a hankali, ta juya ta kalli bayan ɗakin girki.

A can gwaibata take. A wajenmu idan an haifi yaro, tsohuwar gida tana binne cibiyarsa ta dasa itace a kai. Kaka ce ta binne tawa da hannunta. Ina ƙarama gwaibar a miƙe take. Shekarar da na cika sha uku aka yi wata iska da ta kwashe rufin makarantarmu, ta kwantar da gwaibar gefen dama, ba ta sake tashi ba. A wannan daminar Mama ta fara lura siket ɗina na makaranta yana tsayawa a karkace. Likita ya ce babu abin da ya haɗa su, yawanci a wannan shekarun abin yake fitowa. Na yarda da likita. Amma na san kuma ɗorawar da aka dasa a kan cibiyar Babana a ƙauye masu gyaran hanya sun sare ta, kuma bai ga girbin shekarar ba.

Kaka ta dubi Mama ta ce, "Martina, kai malamin makaranta ne, ka yi karatu, ni ban yi ba. Amma gashin yarinyan nan ko ɗaya ban taɓa bari ya kwana a waje ba. Farcen shi ni nake binnewa. Yanzu ka ɗauki jinin shi ka kai wa baƙi, yana kwana cikin sanyi kamar kifi. Ranan da za su sa wuƙa, in ran shi ya fita yawo, ina zai nema hanyan gida? Cibiya yana nan, jini yana Jos."

Mama ta ce, "Kaka, Ubangiji ne mai riƙe rai."

"Amin. Shi ya ba mu hankali kuma. Jinin nan zai dawo gida, ko ba a taɓa bayan 'yan Azariya."

Za ku ce ai na girma, ni zan sa hannu a takardar asibiti. Haka ne a takarda. Amma a gidanmu ba a kwantar da 'ya a gaban wuƙa sai dangin uba sun ce to, kuma baffannina ba sa cewa to sai Kaka ta gyaɗa kai. Gidan da muke ciki ma na dangi ne. Mama ta yi bayani har muryarta ta dushe. Fasto ya zo ya buɗe Littafi Mai Tsarki, Kaka ta saurara da ladabi, ta ce amin a duk inda ya dace, ta ba shi kunun acca, ya tafi. Ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Washegari Yafet ya zo gyara mana ƙofar kejin kaji. Ku gane, a al'adarmu mai neman aure yana yi wa gidan yarinya aiki. Yafet ya yi mana huɗar citta, ya canza kwanon ɗakin girki, kuma duk abin da tsohuwar gida ta sa shi ba ya cewa a'a. Balle shi da yake buƙatar Kaka a bayansa. Mamarsa har yau in mun haɗu a coci ba fuskata take gaisarwa ba, bayana take kallo. Ta taɓa tambayar wata a gabana ko wannan bayan zai iya goyo.

Ina ɗaki ina ninke kaya na ji Kaka ta kira shi.

"Yafet, an ce kai ne mai buɗe firij."

"Ina gyarawa, Kaka."

"Na Jos ma?"

Ya yi 'yar dariya. "A Jos na koyi aikin. Ogana ma shi yake duba na asibitoci da yawa a can."

Na ji kamar in leƙo ta taga in toshe masa baki. A wajen Kaka firij duk ɗaya ne, wanda ya iya buɗe na mai sayar da ƙanƙara ya iya buɗe na duniya.

Ta ce, "To. Gona ka yi, na gani. Kwano ka yi, na gani. Saura ɗaya. Ka je ka kawo mini jinin jikana. In ka kawo, na ba ka shi, ko baffannin shi ba su isa su yi magana ba. Kuma su yi aikin su a Jos, ba ruwana. In ba ka kawo ba, kar ka sake taka gidan nan."

Ban ji amsarsa ba. Ƙarar guduma kawai na ji ta ci gaba.

Yana fita na ɗauki waya.

Na rubuta: "Kar ka kuskura."

Ya amsa: "Kuskura me, Madam?"

"Na ji komai. In jinin nan ya bar firij ya lalace. Ba lokacin da za a sake tara wani. Ka san haka."

"Na sani."

"To ka ce mini ba za ka yi ba."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga shi: "Ki sha maganinki. Ki bar ni da Kaka."

"Yafet, numfashina ne a ledar nan."

Ya karanta. 

Ranar Asabar tun safe wayarsa a kashe. Na aika a duba shago, a rufe. Na kasa cin gwaten da Mama ta dama, na zauna a bakin ƙofa da tsohuwar rigar Babana da nake sawa in raina ya ɓaci. Kaka kuwa ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, ta ɗauki 'yar fartanya ta share gindin gwaiba tas kamar mai jiran baƙo. Ko kaji ba su je wajen ba ranar. Na lura da wannan, kuma ban so na lura ba.

Rana ta ɗan karkata sai ga ƙarar mashin ɗinsa. Ya shigo sanye da shuɗiyar riga mai dogon hannu, ya ɓalle maɓalli har wuya, cikin wannan zafin. A hannunsa akwai ƙaramar kula ja, irin ta kai abinci asibiti.

Mama ta dafe ƙirji ta ce, "Yafet, me ke ciki?"

Bai kalle ta ba, bai kalle ni ba. Ya durƙusa gaban Kaka ya buɗe. Ƙanƙara ce a sama. A ƙasa leda ɗaya, cike, ja har ya yi duhu, ga farar takarda a jiki da sunana.

Ya ce, "Ɗaya na iya samu, Kaka."

Ta ce, "Ɗaya ya isa. Jini ya san ɗan'uwan shi."

Na so in yi magana, iska ta ƙi isa. Na tsaya riƙe da bango ina kallo. Kaka ta haƙa rami a gindin gwaibar, daidai inda ta ce cibiyata take. Ta fara da Addu'ar Ubangiji da Hausa, har ƙarshe. Sannan ta huda ledar da ƙaya, ta koma yarenmu. Muryarta ta canza, ta yi ƙasa, kamar mai lallashin yaro. Ƙasar ta shanye jinin nan da nan, ko taruwa bai yi ba.

Yafet yana tsaye a gefe ya sunkuyar da kai, ba ya jin ko kalma ɗaya. Ni ina ji. Ga abin da ta ce wa itacen: "Ga jinin mai ke ya dawo gida. Ki sha, ki san shi, kar ki sake shi. Wanda ba shi ba ne mai wannan jini, ba ruwanki da shi. Inda kika karkata ya karkata. Abin da ya taɓa ki ya taɓa shi. Ranar da kika faɗi, ranar zai faɗi."

Na ruga ɗaki na rufe ƙofa. Na kira Sista Bridget ina kuka har ba ta gane muryata ba.

Na ce, "Sista, an ɗauke jinina. Ku yi haƙuri, ba da sanina ba ne."

Ta ce, "Wa ya ɗauke? Milka, ki natsu. Ina gaban firij ɗin yanzu haka."

Na ji takunta, na ji ƙugin injin.

"Ga su nan, leda biyu, da sunanki da lambarki. Ɗakin nan ba kasuwa ba ne da kowa zai shigo. Mafarki kika yi? Ki dai zo ranar Talata mu ɗibi ta ƙarshe."

Na sauke wayar. Farin ciki ya zo, amma bai zauna ba. Don idan nawa yana Jos, to na wa gwaiba ta sha?

Na same shi a bayan tankin ruwa, zaune a kan turmin da aka kife. Leɓɓansa sun yi fari. Na kama hannunsa na hagu na ɓalle maɓallin, na naɗe rigar sama. Auduga da filasta, a gwiwar hannu, daidai inda tawa take.

Ya yi murmushi ya ce a hankali, "Abeg, kar ki ɗaga murya. Wani abokina ne mai ɗakin gwaji ya ɗiba mini. Sunan kuma ni na rubuta."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ke? Fuskarki ba ta iya ƙarya ba. Da Kaka ta kalle ki sau ɗaya an gama." Ya sauke hannun rigar. "Kowa ya samu nasa. Kaka ta binne jini, naki yana firij, ni na samu mata. Jini kuwa zan sha maltina biyu ya dawo."

Na ce, "Ka san abin da ta faɗa a kan jinin?"

"Addu'a ce mana."

Na buɗe baki zan fassara masa, sai na kasa. Ina son yaron nan, masu karatu, ban taɓa jin son ya yi mini nauyi kamar lokacin ba. Kuma a wannan tsayuwar na lura da wani abu. Na ruga ɗaki da gudu, na yi kuka, na fito da sauri, amma ban yi haki ba. Ƙirjina a buɗe yake. Sanyin nan na tsakiyar baya ma na neme shi na rasa. Na ce wa kaina hankalina ne ya kwanta don jinina yana nan lafiya. Na ce shi kuma jiri ne na wanda aka ɗibi jininsa bai ci abinci ba. Duk na san wannan, na yi karatun kimiyya a sakandare.

Ya miƙe ya je ya yi wa Kaka sallama. Ta dafa kansa ta kira shi mijin gida, ta ce da daddare za ta kira baffannina ta gaya musu ta yarda a yi aiki. Mama tana bakin ɗakin girki tana share hawaye da gefen zane, ita har lokacin ta ɗauka nawa ne aka zubar. Na yi mata alama da ido cewa za mu yi magana.

Sai Kaka ta fito da igiyar shanya. Ashe ta riga ta kafa turke a hagun gwaibar. Ta ɗaura igiyar a wuyan itacen, daidai inda ya lanƙwashe, ta zagaya da ita jikin turken.

Ta ce, "Milka, zo. Likita zai miƙe na shi a Jos, mu za mu miƙe namu a nan. Kullum kaɗan-kaɗan har ranan aiki. Kai ne mai shi, kai za ka fara ja."

Ta danƙa mini bakin igiyar. Yafet ya riga ya juya, yana tafiya wajen mashin ɗinsa da jar kular a hannu, bayan nan nasa a miƙe cikin shuɗiyar riga.

In na ce Kaka tsaya, sai na faɗi dalili. In na faɗi dalili, ta san an yaudare ta a gaban itacen da ta dasa, Yafet ya bar gidanmu har abada, kuma ba mai taɓa bayana bana. In na yi shiru, ranar Talata in je Jos a cike leda ta uku. Itace ne kawai, na gaya wa kaina. Gwaiba ce, ko 'ya'yan kirki ba ta yi.

Na ja.

Gwaibar ta yi wata 'yar ƙara daga can cikinta. A bakin ƙofar gida Yafet ya tsaya cak. Kular ta suɓuce daga hannunsa, ƙanƙara ta watse a ƙasa. A hankali ya kai hannu baya ya dafe ƙasan kafaɗarsa ta dama, daidai wurin da telata take sakar mini riga.

Kaka ba ta ko waiwaya ba, idonta yana kan itacen.

Ta ce, "Ƙara ja, jikana. Bai miƙe ba tukuna."